Furen da Aka Hana Ni Yankewa

Na Allah ne mu duka, wurinSa za mu tattara, Kawu dai ya riga mu isa. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, a jere da wasu gawarwakin da ba mu san ko na su wane ne ba, aka kai shi makwanci, muka karkaɗe hannu muka dawo unguwarmu Hindawiyya, nan cikin Makka.

Ni ba marubuci ba ne. Aji biyar na yi na gudu, taksi nake ja. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ga an fara mance mutumin nan tun ba a kwashe kujerun makoki ba, kuma abin da aka riƙe a madadinsa ƙarya ce mai kyan gani. To, ni zan faɗi wanda na sani. Yayan mahaifiyata ne. Da ta rasu shi ya ɗauke ni, a gidansa na yi wayo, a gidansa gemu ya fito mini.

An jera kujeru a lungu, an ja fitilu, gahawa da dabino suna zagayawa. Jama'a sun zo, ba laifi. Kowa da tasa. Wani ya ce, "Allah sarki, mutum ne mai sanyin hali." Na sunkuyar da kai. Wani ya ce, "Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba." Kawu? Mutumin da in yana faɗa a saman gida ake jin sa a bakin titi? Jikokinsa kuwa suna tsaye cikin farin tob, doguwar rigar Larabawa, in dattijo ya ce musu "Ya haƙuri?" sai su dubi juna, don ba su san amsar ba sai an juya musu da Larabci. Na ji wani a bayana yana tambaya ƙasa-ƙasa, "Wai wane ne ma ya rasu? Mai gyaran mukayyif?" Na'urar sanyaya ɗaki yake nufi. Aka ce masa, "A'a, mai ganyen nan." Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya, wani tsoho da suka yi aikin shara tare a Arfa shekara da shekaru. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah Ya jiƙan mai taurin kai." Nan ne kawai hawaye ya zo mini.

A rana ta biyu mata suka hau saman gida wanke tukwane, sai muka ji kabbara. Ganyen Kawu ya fitar da fure. Wani kara mai kauri ya taso daga tsakiya, da dunƙule a kansa kamar hannun jariri, ya fara buɗewa fari-fari. Kafin magariba labari ya gama lungu: shukar mamaci ta yi fure a makokinsa, alamar kyakkyawan ƙarshe ce. Kowa murna. Ni kuwa na shiga kicin neman wuƙa, don na san in ba a sare karan nan ba, saiwar da Kawu ya yi fiye da shekara ashirin yana raino ta tafi kenan.

Bari in gaya muku mene ne ganyen, don yawancin waɗanda suka yi masa kabbara ba su san sunansa ba.

Rawand ake ce masa. Shukar ƙasar sanyi ce. Ganyensa faffaɗa kamar faifai, karansa ja-ja, da tsami kamar yakuwa ta haɗu da tsamiya. Kawu ya samo shi a Ɗa'ifa, can kan duwatsu, lokacin da ya yi aikin gona a wurin wani tsoho ɗan asalin Bukhara. Tsohon yana da shi a wani lungu mai inuwa, ya ce ubansa ne ya taho da shi daga ƙasarsu. Da tsohon ya tsufa 'ya'yansa za su sayar da gonar, sai ya haƙo saiwa guda ya naɗe a tsumma ya miƙa wa Kawu. Kawu ya ce masa, "A Makka zan kai shi fa." Tsohon ya ce, "Kai ma ai ba a Makka aka shuka ka ba." Shi ke nan. Kawu ya ce ya yi masa alkawari rawand ɗin ba zai mutu a hannunsa ba. Kuma bai mutu a hannunsa ba. Ku riƙe wannan.

Duk wanda ya san garin nan ya san hauka ce. Nan fa in zafi ya tsaya, kujerar taksi sai ka shimfiɗa tawul kafin ka zauna. Amma Kawu ya samo dabararsa. In sanyi ya shigo, ɗan wanda muke samu, sai ya dasa saiwar a rabin duro da ya shafa wa farin fenti, da takin tumaki da yake ɗebowa a kasuwar dabbobi. Ya kafa masa rumfar buhun algarara, yana jiƙa buhun safe da yamma. Ya ja tiyo daga ɗigon mukayyif har gindin duron. In rana ta yi rana, ya hau da ƙanƙara a kwano ya jera a kan ƙasar. In kuwa zafi ya kawo kai da gaske, sai ya haƙe saiwar, ya karkaɗe, ya naɗe a jarida, ya sa a durowar ƙasa ta tallaja, wato firij, ta kwana can har wani sanyin. Ya ce shukar nan sai ta yi barci cikin sanyi take yarda ta farka.

Matarsa, wadda nake kira Inna, ita ta raɗa wa saiwar suna. Alhajin tallaja. "A matsa wa Alhaji, zai shiga ɗakinsa." "Kada a taɓa durowar nan, Alhaji na hutawa." Tana faɗa tana murguɗa baki.

Shekarar farko da ya yi ganye, Kawu ya tafi wani aiki Jidda. Inna ta hau ta ga ganye kore shar, faffaɗa. Bahaushiya ta ga ganye, me kuke so ta yi? Mu ai ganye muke ci, kara na awaki ne. Ta tsinke ganyen tas, ta zubar da jajayen karan a shara, ta yi mana miya da gyaɗa kamar ta yakuwa. Muka ci da tuwon shinkafa har da ƙari. Ranar layin banɗaki ya fi na mai sayar da burodi, maƙogwaro kamar an zuba barkono. Ashe shi wannan ganyensa guba ne, karan ake ci. Da Kawu ya dawo ya ga duro tsirara, bai tambayi lafiyar kowa ba. Ya tsaya tsakar gida ya ce, "Kun ci dafin, kun zubar da abincin. Takari dai Takari ne." Inna daga kwance ta ce, "To Malam, wace irin shuka ce Allah Ya yi ta a juye?" Ya ce, "Irin wadda ba ta son a yi mata karambani." Daga baya ita ce ta fi kowa iya sarrafa shi. Ta yayyanka karan ta dafa da sukari da citta, ko ta jefa a miyar taushe, kai ka ce a Kano kake.

Babban faɗansu kuwa na Layya ne. Shekarun da Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, nama ya shigo gida da yawa, na maƙwabta da na wurin aiki. Tallaja ta cika. Inna ta ciro Alhaji ta ajiye a kan taga, ta cusa cinyar rago a wurinsa. Kawu ya dawo daga Arfa ya kwana biyu bai runtsa ba, ƙafa duk ta kumbura, ya buɗe durowa ya ga nama. Ya ciro cinyar ya fita, ya miƙa wa wasu 'yan Chadi da ke haya a ƙarshen lungu, ya dawo ya mai da saiwarsa. Inna ta ce, "Naman 'ya'yana ka bayar saboda guntun itace?" Ya ce, "Rago ana yanka wani baɗi. Wannan in ya tafi, wa zai ba ni wani?" Ta daina yi masa magana, shi kuma ya daina cin tuwonta, yana sayen wake da burodi a waje yana ci a kan matakala don ta gani. Sai da ƙanwarta ta zo ta shiga tsakani. Wai mai sanyin hali.

Amma duk wahalar nan, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne furen.

Rawand in ya ji zafi ya fara matsowa, ko ƙishi ya taɓa shi, ko saiwar ta tsufa, sai ya yi gaggawar fitar da fure tun lokaci bai yi ba. A ƙasar sanyi wai ba wani abu ba ne. A nan kuwa kusan duk shekara sai ya yi, wani lokaci ganye huɗu kacal ya fitar sai ga shi. Karan furen daban yake da na ganye, shi zagayayye ne, cikinsa rami, daga tsakiya yake tasowa. In ka bar shi, duk ƙarfin da saiwa ta tara can zai tafi, ganye ya tsaya, saiwar ta rame, ba ta da abin da za ta kwana da shi a tallaja. Don haka kullum da safe bayan ya dawo masallaci, kafin shayi, Kawu zai hau ya durƙusa ya buɗa tsakiyar da yatsa biyu kamar mai duba kan yaro. Da ya ga dunƙule, wuƙa. Can ƙasa yake sarewa, a karkace, don kada ruwa ya kwanta a ramin ya ruɓar da gindi. Yana sara yana cewa, "Ba yanzu ba."

Na taɓa ce masa, "Kawu, ka bar shi sau ɗaya mana mu ga kyansa." Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce, "Kai furen nan murna ka ɗauke shi? Wasiyya ce. Ya ji wuya ne, ya ce bari in bar iri kafin in tafi. Aikinka ka ce masa ƙarya yake, bai tafi ba tukuna."

Haka ya yi mini ni ma, shi ya sa ban manta ba. Akwai shekarar da aka kama motata, takarduna suka sami matsala, matata ta koma gidansu da yara. Na zo na same shi a sama na ce na gaji, zan je in miƙa kaina a mai da ni Nijeriya, ƙasar da ban taɓa takawa ba. Bai yi mini wa'azi ba, bai iya ba. Ya miƙo mini kwanon ƙanƙara ya ce, "Jera." Na jera. Ya ce, "Gobe ma ka zo ka jera." Haka na yi ta zuwa, Inna tana zuba mini abinci ba ta tambaya, shi kuma yana yawo ofis-ofis da sandarsa ban sani ba, har abin ya warware. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya mutu. Kuma duk mai ciki a lungun nan da kwaɗayin tsami ya kama ta, ta san ƙofar da za ta aika. Zai murɗo kara biyu, don na ci ba a yanka shi, murɗowa ake yi, ya cire ganyen da hannunsa kafin ya bayar, yana faɗa: "A gaya mata karan ake ci! Kada a maimaita mini abin da aka yi a gidan nan!"

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ni nake hawa duba shukar. Ranar da na gan shi ƙarshe, da tiyo a hanci, ya ce, "Ka hau?"

"Na hau, Kawu."

"Ka duba tsakiya?"

"Ba komai."

"Zai fito. Iskar ta juya, ina jin ta a gwiwata. Kana ganin dunƙule kada ka jira ya buɗe."

"To."

"Kada ka ce mini to irin ta mutanen Aziziyya."

Babban ɗansa yake nufi, wanda nake kira Yaya. Yana da kanti a Aziziyya, ya auri 'yar gidan masu jinsiyya, wato takardar zama 'yan ƙasa, Hausa sai in ta kama dole. Da can taubasai ne mu, ba irin tsiyar da ba ma yi wa juna. Tun da ya yi kanti wasan ya mutu.

To mu koma makoki. Ranar jana'iza da washegari da safe ban samu hawa ba, ina jigilar baƙi. Abin da ya ba dunƙulen dama kenan. Na fito kicin da wuƙa, na hau, na tarar da Yaya a can, yana haki, don rabon da ya taka matakalar nan tun yana saurayi. Ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. Ya ga wuƙa a hannuna.

"Esh haza? Me za ka yi?"

"Sare shi zan yi, Yaya."

"Ka sare? Ya shaikh, ka ji tsoron Allah! Abin da Allah Ya nuna mana a kan Baba?"

"Kawu da kansa sare shi yake yi. Duk shekara. Ka tambayi Inna."

"Baba ya rasu. Wannan bai fito ba sai da ya rasu. Ba ka da ido ne?"

"Zafi ne ya fito da shi. In an bar shi saiwar za ta mutu."

"Saiwa!" Ya juya wajen matan da ke tsaye da tukwane. "Kun ji? Ana maganar rahamar Allah yana maganar saiwa."

Wata gwaggo ta ce, "Haba ɗan nan, wace irin zuciya gare ka? Mutumin da ya riƙe ka?" Wata ta ce, "Hassada dai ba ta da magani." Yaya ya matso ya rage murya, kuma wannan da Hausa tsantsa ya faɗe ta, don ya tabbata ta shiga: "Ka ci abinci a gidan nan, ba mu hana ba. Amma gidan ubana ne. Ba ka da ko bulo ɗaya a ciki. Ajiye wuƙar."

Gaskiya ya faɗa. Ɗan ƙanwa ba ya gado. Na ajiye.

Limamin unguwa da aka gaya masa, ya ce shi dai bai san wannan alama a littafi ba. Amma a hankali ya faɗa, da kofin gahawa a hannu, ba wanda ya ji sai ni da ke zuba masa.

Da mata suka fara tsinkar furen suna ƙullewa a bakin mayafi, Yaya ya sayo kwaɗo ya garƙame ƙofar sama, ya jefa makulli a aljihu. Na ce, "To ruwa fa? Buhun nan sai an jiƙa shi, tiyon ma in ya goce sai an gyara." Ya ce, "Wanda Ya fito da shi zai shayar da shi." Aka tashi makoki, aka kwashe kujeru, ya koma Aziziyya da makullin. Na kira shi. "Bukra, in sha Allah." Wato gobe. Na sake kira. "Wallahi kanti ya cika da masu Umra, bukra." Na je har kantin, ya sa aka kawo mini shayi, ya nuna mini yawan mutanen da suka yi masha Allah a ƙarƙashin hoton da ya ɗora a intanet, ya ce makullin yana ɗaya tob ɗin.

Za ku ce me ya hana ni fasawa. Gida ne da ake shirin rabon gado. An riga an fara ƙidaya har tabarmi. Ni da ba ni da bulo, in fasa kwaɗo, gobe a ce an nemi wani abu an rasa? Inna kuma tana takaba, hawan jini ya kwantar da ita, ban so in kai mata wuta ɗaki. Kullum in na ajiye fasinja kusa, sai in tsaya a bakin lungu in ɗaga kai. Daga ƙasa ana hango kan furen ya zarce katanga. Ya yi fari, ya koma ruwan ƙasa, sannan ya sunkuya.

Ranar da Inna ta samu ta tashi zaune, ta aika aka kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta. Ta ce, "Kai, ina Alhaji?"

Na ɗauka ciwon ya taɓa mata kai.

"Alhajin tallaja nake tambaya. Zafi ya shigo, ban ga an sauko da shi ba."

Na gaya mata duka. Ashe ba wanda ya faɗa mata an kulle, furen kawai aka nuna mata a waya, ita kuma ta ɗauka na sare shi tun a ranar. Sannan ta ce, "Fasa."

"Inna, Yaya fa?"

"Ni na haife shi. Na ce ka fasa."

Na ɗauko ƙarfen kwance taya a mota. Bugu biyu kwaɗon ya buɗe, na banza ne ma. Rumfar buhu ta bushe ƙamas, iska ta yaye gefe ɗaya. Tiyon ya goce yana ɗiga a kan siminti, taku ɗaya daga duron. Ganyen sun kwanta kamar tsumma. Karan furen kuwa ya kai ƙirjina, ya yi iri, irin ma rana ta soye shi. Na sare shi can ƙasa, a karkace, ko da yake ba sauran amfani. Na sa hannu na haƙo saiwar. Da, sai da hannu biyu ake ɗaga ta. Yanzu yatsana ya nutse a ciki kamar ruɓaɓɓen dankali, ga wari. Na zauna a ƙasa ina yankewa ina zubarwa, ina yankewa ina zubarwa, har na iso wani ɗan gefe mai tauri, bai fi babban yatsa ba, da ido guda ja a jikinsa. Ko mai rai ne, ko ya mutu bai sani ba, ban iya faɗa ba.

Na naɗe a jarida na sauko. Na tarar Inna ta rarrafo kicin, ta durƙusa gaban tallaja, tana fito da tumatir da kokwamba daga durowar ƙasa tana zubawa a faranti. Matar da ta yi shekara ashirin tana mita a kan durowar nan. Ta goge ta da gefen zanenta, ta miƙo hannu. Ta auna ƙullin a tafinta, ta ji yadda ya koma. Ta sa shi a kusurwar da ya saba, ta tura durowar, ta ce, "Ba yanzu ba."

Allah Ka jiƙan Kawu. Ka yafe masa faɗansa da zafin bakinsa, Ka dubi ƙanƙarar da ya yi ta hawa da ita da gwiwa mai ciwo, Ka sanyaya masa inda yake kwance fiye da yadda ya sanyaya wa baƙon da aka ba shi amana. Ka ba Inna haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Ka haɗa mu da masu faɗin gaskiya a kanmu ko da mutum ɗaya ne.

Hoton furen yana nan a wayar Yaya, shi ma ya sa a madadin hoton fuskarsa yanzu, da addu'a a ƙasa cikin Larabci mai kyau. Har yau bai tambayi kwaɗonsa ba, don bai sake zuwa hawa ba. In sanyi ya dawo zan dasa abin da ya rage. In ya tsiro, Kawu ya ci. In bai tsiro ba, kada wanda ya ce mini zafin Makka ne ya kashe shi. Zafin Makka ya yi shekara ashirin yana nema bai samu ba.